Yadda Na Tsirar da Irin Bilakberi a Kano

Bilakberi wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itace ne da ake ci. Irin bilakberi ɗan ƙanƙani ne, amma ɓawonsa tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. A Turai da Amurka, inda yake fitowa a daji, tsuntsaye ne ke cin 'ya'yan, ruwan cikinsu ya zaizaye ɓawon, sannan sanyin hunturu ya tashe shi daga barci. Wanda ya san yadda gawo ke tsirowa daga kashin awaki ya gane maganar. Aikin tsuntsun nan shi na ɗora wa sinadari, wato asid da bilic.

'Ya'yan a wani babban kanti na saya, na waje ne. Na murje su a rariya, na wanke, na shanya irin a inuwa sai da ya bushe sarai. Bushewar dole ce, don asid in ya gamu da danshi zafi yake ɗauka, ya dafa ɗan tsiron da ke ciki.

Na kasa irin uku. Kashi ɗaya na bar shi haka nan, na biyu na jiƙa a bilic ɗin wanki da na sirka. Na ukun na kai wa ƙanena da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ya zuba masa asid ɗin salfa mai ƙarfin kashi 98 cikin 100. Ruwan batir ba zai yi ba, an sirka shi da yawa. Masu bincike kan bar irin a ciki har awa 3, kwalbar tana zaune cikin ƙanƙara. Ina kallo ruwan ya koma baƙi ƙirin. "Yaya, ɗan ja baya," in ji shi, yana sanye da safar hannu da tabarau, ya juye irin cikin ruwa mai yawa, ya kashe ragowar asid ɗin da bekin soda. Don Allah kada kowa ya gwada wannan a tsakar gida.

Wahalar gaske ashe tana gaba. Bayan asid, irin na bukatar wata 3 zuwa 4 cikin yashi mai laima, a sanyin digiri 2 zuwa 5. Hunturun Kano bai kai nan ba, ko a Janairu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10. Ga ɗaukewar wuta. Wani maƙwabci mai firijin sola ne ya ba ni ɗan gurbi, nakan leƙa in yayyafa ruwa.

Da na shuka, na asid ne ya fara leƙowa, shi ya fi yawa kuma. Na bilic jefi-jefi. Wanda ban taɓa ba shiru har yau.

Dashen suna ƙarƙashin rumfa, zafin Afrilu nake jiye musu. Kuma tsiron iri ba lallai ya gaji uwarsa ba. Mai son cin 'ya'ya gara ya nemi reshen nau'in da ba ya bukatar dogon sanyi, irin su Tupy na Brazil da aka noma sosai a Meziko.