Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Tsakuwar da Ke Aljihuna

Makon jiya na tsaya a rasuwar mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta. Shekarata takwas a lokacin, ƙanena yana da biyar. Ba a rufa shekara biyu ba Baba ya sake aure, kuma tun matar ba ta sako ƙafa gidanmu ba na riga na yanke mata hukunci. Babu wanda ya zuga ni cikin dangi. Tatsuniya ce ta yi wannan aikin.

Kaka ce ta fara, ba da saninta ba. Cikin tatsuniyoyinta wadda na fi so ita ce ta 'yar bora da 'yar mowa, sai ta marainiyar da ake aika wa rafi mai nisa don kada ta dawo. Sannan akwai wani littafi mai hotuna da na aro a makaranta, bangonsa ya yage, wani ya zana wa sarauniya gashin baki da biro. A ciki na haɗu da Sindarela mai kwana a toka, da yarinyar nan da sarauniya mai madubi ta bi da ɗamara da mataji mai guba da tuffa, da Hansel da Gretel waɗanda aka kai daji aka yar. Na zauna na yi lissafi irin na yaro: duk inda uwa ta mutu wata ta shigo, to 'ya'ya sun shiga uku. Ban ga ko ɗaya da ta saɓa ba.

Baba ya ce mu riƙa ce mata Umma. Na ce Anti, shi ma sai dole ta kama.

Ranar farko da ta kira ni ta taje min kai, da na ga matajin a hannunta sai cikina ya ɗuri ruwa. Ja ne, sabo fil, haƙoransa na ƙyalli. Na ce kaina na ciwo. Washegari na sace shi na jefa bayan akwati. Ta saya wani, na jefa shi inda na jefa na farko. Sai da gashina ya cukurkuɗe har malama ta yi magana, ita kuwa baiwar Allah ana ta kallonta a matsayin wadda ta ƙi kula da marainiya. Wannan har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Tsakuwa kuwa daga Hansel na koya. Shi da fararen duwatsu ya cika aljihu yana yarwa a hanya, da wata ya fito suka bi su har gida. Ni ma duk ranar da aka ce za mu fita da Anti sai na cika aljihun siket ɗina. Ina riƙe da hannun ƙanena, ina sakin ɗaya a kowace kwana. A kan titi fa, inda tsakuwa ta fi mutane yawa! Amma hankalina kwance yake.

Wata Asabar tana wanki sai na ji ƙarar abu a bokiti, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ta ɗaga siket ɗin, ta zazzage aljihun a tafin hannunta, ta kira ni.

"Wannan fa na mene ne?"

Na yi shiru. Ƙanena, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, ya ce, "Yaya ta ce in kin kai mu daji kin gudu, da su za mu gane hanya."

Na runtse ido ina jiran mari. Shiru. Da na buɗe sai na ga tana kallon duwatsun, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, ta shanya a bakin taga. Da yamma na tarar da su cikin wani ƙaramin gwangwani a kan katifata, da matazai biyu jajaye a gefe. Ashe ta san inda suke tuntuni. Ba ta gaya wa Baba ba.

Sai da na shiga kwalejin horar da malamai, muna darasin adabin yara, na gano abin da ya sa na ajiye biro na riƙe baki. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fitar da kundin tatsuniyoyinsu na farko a 1812, kuma a wannan bugun sarauniya mai madubi uwar yarinyar ce da ta haife ta. A bugu na biyu, 1819, aka mai da ita matar uba. Wadda ta sa aka yar da Hansel da Gretel ma uwarsu ce, sai a bugun 1840 ta koma matar uba. Da farko don masana suka tattara labaran, da suka ga yara ake karanta wa sai Wilhelm ya yi ta gyare-gyare har bugu na bakwai a 1857. Uwa ta fi ƙarfin a ɗora mata wannan mugunta, sai aka nemo wadda ba ta da mai tare mata.

Ba zan ɗora musu laifin duka ba, don muguwar matar uba ta girme su nesa ba kusa ba. A ƙasar Sin an rubuta labarin Ye Xian tun ƙarni na 9: ubanta mata biyu gare shi, uwarta ta mutu, kishiyar ta gallaza mata, kamar dai labarin Sindarela, har da takalmin zinare da ya ɓace. Wata Baturiyar Ingila, Marian Cox, ta tattara ire-iren wannan labari har 345 a 1893. A zamanin da haihuwa ke yawan tafiya da mata, marayu sun cika gidaje, kuma ba duka suka dace ba. Na san haka. Na san kuma cewa tsakuwar nan ta ba yarinya mai shekara tara abin yi da tsoronta a lokacin da babu wanda ya tambaye ta me take tsoro. Shi ya sa ban hana 'ya'yana tatsuniya ba, sai dai in na zo wurin matar uba nakan tsaya na tambaye su: waye ya ba da labarin, ita an ji ta bakinta?

Da na dawo hutu na ba Anti labarin Wilhelm da gyaransa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To ke da kika gano, je ki ɗauko mataji, wannan kan naki ya isa."

Gwangwanin yana nan a durowata, duwatsu goma sha ɗaya ne. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin daren da zazzaɓi ya kwantar da ƙanena, daren da bakina ya suɓuce na kira ta Umma.