Makullin da na zare ranar kai amarya

Ina ɗan shekara 16 na iya mota, kuma ba mahaifina ne ya koya mini ba. Alhaji a ƙarƙashin matashin kai yake ɓoye makullinsa, a ganinsa ya gama da ni. Yaron wani bakanike a layinmu ya koya mini, a filin idi da la'asar, da motocin mutane da aka kawo gyara. Ya nuna mini kuloci da giya da totur. Da na tambaye shi birki sai ya ce, "Wannan ai kowa ya san shi."

Ranar da za a kai yayarmu ɗakin miji, gida ya cika maƙil, Alhaji yana waje da baƙi, na shiga na zare makullin. Mu shida muka cusu cikin Golf ɗinsa. Ƙannena, a nan nake so ku saurare ni. Duk ranar da na saci motar ni kaɗai, lallaɓawa nake yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ran nan kuwa ana ta ihu a bayana: "Ba ta wuta! Ko tsoro kake ji?" Wani ya zuro hannu yana danna mini oda. Babu abin da ɗan shekara 16 yake gudu kamar a ce masa matsoraci a gaban 'yan matan amarya. Na taka.

Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ne a awa, ni kuwa na kusa ninka shi. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, in ka ninka gudu, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita sau huɗu yake ninkuwa. Motar da ke kan 100 tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Waiwaye guda na yi don in ga ko mun bar sauran motocin a baya, da na juyo sai ga ɗan garuwa a tsakiyar titi da kurarsa.

Na danne birki, taya ta hau yashin gefen kwalta, motar ta zame. Har yau ina ganin jarkokin nan suna birgima, ruwa yana bin yashi, takalminsa na roba ɗaya yana can gefe. Ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Abokina na gaba bai ɗaura bel ba, goshinsa ya fasa gilashi. Masu cewa in ba ta wuta kuwa, kafin mutane su taru sun watse.

Na zaci Alhaji zai yi mini dukan kawo wuƙa. Ko yatsa bai ɗaga mini ba. Ya biya kuɗin asibiti, sannan ya ɗora mini kai wa mutumin abinci safe da dare har aka sallame shi. A bakin gadon nan na ji cewa ci-rani ya zo, yana da 'ya'ya uku a ƙauye, kuma da ƙafar nan yake ciyar da su. Da bulala aka yi mini, da tuni na manta.

Wata rana a hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Rabin laifin nawa ne. Na ɓoye makulli, ban zauna da kai ba." Tun daga ranar yake sa ni a kujerar gaba yana tuƙi, yana tambayata me na hango: yaron da ƙwallonsa ya gangaro titi, mai adaidaita da zai tsaya ba sigina, tirelar da direbanta ba ya ganinmu. Bai ba ni sitiyari ba sai da na cika 18, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasisi, kuma da sharaɗin ba aboki a motar, ba fita bayan isha'i, har tsawon shekara guda. Na ji haushin sharaɗin sosai, ban ƙi faɗa ba.

Ɗan garuwan bai koma tura kura ba. Alhaji ya kafa masa teburin kayan miya a bakin layinmu. In zan wuce yakan miƙe ya gaishe ni, yana dafe da tebur saboda ƙafar.