Gyambon kwanciya a baƙar fata

Aikin jinya nake yi a Kumasi, kuma in na tashi daga aiki nakan zaga gidajen Aboabo da Asawase ina duba tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Da zarar an sallamo su daga asibitin Komfo Anokye, jinya ta dawo hannun 'ya'ya mata da surukai, masu ƙauna da haƙuri amma ba wanda ya taɓa nuna musu inda gyambo ke fara ɓuya.

A makaranta an koya mana cewa alamar farko ja ce da ba ta gushewa in an danna. A fatarmu jan nan ba ya fitowa sosai. Abin da nake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko mara lafiya ya yamutse fuska in an taɓa. Shi ya sa nake ce wa 'yar gida, "Yaya, buɗe taga, ki sa tafin hannu a ƙashin gindin Baba da diddigensa da kwatangwalo kullum safe." Hannu na riga ido ganewa.

Ina auna kowa da ma'aunin Braden, wanda ke nuna haɗarin kamuwa da gyambon kwanciya, mai maki 6 zuwa 23. Wanda ya samu 18 ko ƙasa yana cikin haɗari, kuma yawancin waɗanda nake gani danshi da rashin cin abinci ne ke ja musu maki ƙasa. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari, da zafin garin nan, tana jiƙa fata da gumi har ta saɓule. Koko zalla kuma ba ya gina nama, sai an haɗa da ƙosai, ƙwai, kifi ko wake.

A riƙa juya mara lafiya duk bayan awa 2, har cikin dare, a raba kwana tsakanin 'yan'uwa. A tokare baya da filo a ɗan karkace, a ɗage diddige daga katifa. Mutum biyu su ɗaga shi da zanin gado, kada a ja shi. Wurin da ya yi duhu kada a murza shi da man kaɗanya, murzar na ƙara ɓata naman ciki.

In fata ta buɗe, ruwan gishiri na asibiti nake wankewa da shi in rufe da bandeji mai tsabta. Toka da garin kafso ba su da wuri a nan. Wari, mugunya, baƙin nama ko zazzaɓi, musamman ga mai ciwon suga, ranar nake sa a nemo mota a koma asibiti.