Lissafin Ɗan Kwari a Hamadar Namibiya

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu zan tafi Namibiya kallon namun daji, sai da ta ajiye carbinta ta dube ni. "Kallon dabba? Gidan zu ɗin Audu Bako tashi ya yi?" Na ce yana nan, Hajiya. Ta ce to Allah Ya shirya, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. A Kantin Kwari kuwa sati guda aka yi ana yi mini tsiya, wai na ɗebi jari zan kai wa giwa.

Ban ga laifinsu ba. Mu nan tafiyarmu uku ce: Makka, saro kaya, sai asibiti. Ni kuma abin ya daɗe a raina. Muna 'yan firamare aka kai mu Yankari, muka yi wanka a Wikki, muka ga gwaggon biri da kashin giwa, amma giwar kanta ba ta fito ba. Daga baya na gane cewa Mariri, da na sani a matsayin unguwa a hanyar Maiduguri, sunan dabba ne ma, mai dogayen ƙahoni. Irin tamu ta Sahel ta ƙare a daji, har a shekarar 2000 aka ayyana haka, sai a 2016 aka fara mayar da ita dajin Chadi. 'Yar uwarta kuwa tana nan birjik a Namibiya, har tana jikin tambarin ƙasar. Na ce sai na gan ta.

Mu uku muka shirya: ni, da maiɗakina, da ƙanena wanda ya fi ni iya tuƙi da Turanci.

Kuskurena na farko tun a shago na yi shi, da biro da bayan rasit. Na buɗe taswira na jera wurare kamar ina jera dilolin shadda. Kwana goma, wuri shida: kwazazzabon Fish River can kudu, garin Lüderitz, tuddan yashin Sossusvlei, bakin teku a Swakopmund, dajin Etosha, har da zirin Zambezi can arewa maso gabas. Lissafin ɗan kasuwa ke nan: tunda an biya kuɗin jirgi, sai a kwashi riba. Ƙanena ya karɓi takardar ya zauna da wayarsa yana haɗa kilomitoci. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan ba yawon buɗe ido ba ne, aikin direban tirela ne."

Gaskiya ya faɗa. Namibiya ta haura murabba'in kilomita 820,000, wato kaɗan Najeriya ta fi ta girma, amma ƙidayar 2023 mutum miliyan 3 da 'yan kai ta samu. Jihar Kano kaɗai ta ninka su sau da yawa. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce babu ƙauye bayan ƙauye, babu mai faci a gindin kowace bishiya, babu mai shayi, babu ɗan bumburutu da galan. Muka yanke wuraren suka koma uku. Ko ukun ma, da na sani da biyu na yi.

Takardu ba su ba mu wahala ba sosai saboda mun fara da wuri. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja. Katin allurar shawara dole ne, kada ma mutum ya tsaya musu. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka sauya jirgi a Addis Ababa, muka sauka filin Hosea Kutako, kimanin kilomita 45 daga Windhoek, babban birnin. Kuɗinsu dalar Namibiya ce, darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand ɗin ko'ina. Ni dalar Amurka na saya a Wapa na canza a can, na kuma ji daɗin da ban dogara da katin banki kaɗai ba.

Inda na makara shi ne wurin kwana a cikin Etosha. Sansanonin da ke cikin dajin na kamfanin gwamnati ne, kuma a lokacin rani, daga Mayu zuwa Oktoba, Turawa tun watanni da yawa kafin lokaci suke kame su. Ni na saba da otal ɗin da za ka shiga da jakarka ka ce a ba ka ɗaki. Da na nema wata biyu kafin tafiya, ɗakuna sun ƙare, sai filin kafa tanti, shi ma kwana biyu kacal. Haka muka koma hayar mota mai gudu da ƙafa huɗu, mai tantuna a kan rufi, da ƙaramin firji da tukunyar gas a baya. Maiɗakina ta zagaya motar ta ce, "Alhaji, a saman mota zan kwana kamar kayan Sabon Gari?" A dare na biyu ita ce ta ce ta fi son nan, tunda kunama ba ta hawa tsani.

Kuskure na biyu, sanyi. Na ji an ce hamada, na kuma san Yuli, sai na ɗauki kaftani marasa nauyi. Na manta ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, damina tamu hunturunsu ce. Da rana lafiya ƙalau, amma da asuba a Sesriem, ƙofar shiga Sossusvlei, ruwan buta sai ka yi shahada kafin ka zuba a hannu. Hunturun Kano na Janairu wasan yara ne. Rigunan sanyin da zan saya da arha a gwanjon Kofar Wambai, sai ga ni ina sayensu da tsada a kanti. Haka alƙibla ta ruɗe ni. A gida gabas muke fuskanta, can kuwa sai ka juya kusan arewa, ka ɗan karkata gabas. Ranar ma ta arewa take ratsawa, inuwa ta faɗi kudu. Sai da na yarda da waya na bar abin da jikina ke gaya mini. Kasaru da haɗa salla kuwa ban taɓa gane rahamar da ke cikinsu kamar a wannan tafiya ba.

Yanzu ga hanya, wadda ita ce rabin labarin. A hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, kuma ƙanena ya yi kwana biyu yana kunna abin goge gilashi duk sanda zai ba da sigina. Manyan hanyoyi kwalta ce mai kyau, amma galibin hanyoyin da ke kai ka wuraren kallo burji ne da tsakuwa. Burjin nan mayaudari ne. Yana da faɗi, babu kowa a kai, sai ka ga kamar za ka iya taka mota. Masu hayar sun gargaɗe mu kada mu wuce gudun kilomita 80, sun kuma ce a rage wa tayoyi iska, kada kuma a yi tuƙin dare saboda namun daji da ke tsallaka hanya. Na ji, amma ban saurara ba. Tsakanin Solitaire da Walvis Bay, inda gargada ke kaɗa haƙora, ni na karɓi tuƙi ina ganin ƙanena yana ɓata mana lokaci. Ba a yi nisa ba tayar baya ta yi bindiga, motar ta yi rawa da mu, Allah Ya tsare ba ta kife ba. Muka fito. Babu sabis, babu inuwa, babu motsin komai sai iska. Kusan awa guda muna fama da jak a kan tsakuwa, mota ɗaya ce ta zo, ta kuma tsaya ta tambaye mu ko muna da ruwa. Ba ta tambayi ko muna da safaya ba, ruwa ta fara tambaya. Tun daga ranar ba mu sake tashi ba sai da jarkoki cike, kuma duk gidan man da muka gani sai mun cika tanki ko da rabi ya rage. Inshorar da na zaɓa, mai arha, ba ta ɗauki taya da gilashi ba. Yana rubuce a takardar da na sa wa hannu ban karanta ba.

Sossusvlei ta cancanci wahalarta. Daga ƙofar Sesriem kilomita 60 ne na kwalta, sannan wajen 5 na yashi mai zurfi, kuma wanda ya kwana a cikin shingen ana buɗe masa hanya awa guda kafin fitowar rana. Tuddan ja ne wur, ɗaya daga cikin manyansu ya kai mita 325. Na hau rabin wani na zauna ina haki, na tuna ko Dutsen Dala rabona da hawa tun ina saurayi. A gindin wani tudun na ga mariri ta farko, ita kaɗai, tsaye a kan yashin da babu ko tsinke, ƙahoninta miƙe kamar masu. Ban ɗauki hoto ba, na manta da wayar a hannuna. Swakopmund kuwa, da gine-ginen Jamusawa da hazon da ke tasowa daga teku mai sanyi, kifi kawai muka ci muka huta. Kwana biyun da muka yi can su nake cizon yatsa a kai.

Domin Etosha ce tafiyar. An kafa dajin tun 1907, girmansa ya haura murabba'in kilomita 22,000, a tsakiyarsa kuma akwai wani farin fili na gishiri da busasshen laka mai tsawon kusan kilomita 130, wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Ƙa'idojin kaɗan ne amma ba a wasa da su: ba a fita daga mota, ba a wuce 60, kuma ana rufe ƙofar sansani da faɗuwar rana. Babu ɓauna, babu dorina, babu kada, don babu kogi.

Ranar farko na sake yin halina. Muka yi ta zarya daga wannan mashayar dabbobi zuwa waccan, minti biyar mu duba mu ce babu komai mu wuce, kamar masu taya kaya a layin 'yan atamfa. Mun ga jakunan dawa da raƙuman dawa da jiminu da barewa ba iyaka, amma mun dawo a gajiye, idanu cike da ƙura. Da magariba maiɗakina ta ce ita ba za ta sake shiga mota ba. Ta ɗauki bargo ta tafi bakin mashayar da ke jikin sansanin Okaukuejo, inda aka yi gajeriyar katanga da benci, aka kuma haska ruwan da fitilu. Bayan isha na bi ta don in kira ta.

Mutane sun fi hamsin a wurin, amma ko tari babu mai yi. Na zauna. Rabin awa babu komai sai dila ɗaya. Har na fara taɓa ta mu tafi, ta riƙe mini hannun riga. Sai ga giwaye suna fitowa daga duhu, manya da 'ya'ya, fari fat saboda ƙurar farar ƙasar da suke watsa wa jikinsu, kuma duk girman nan ba ka jin takunsu. Suka sha, suka yi wasa, suka tafi. Raƙumin dawa ya fi minti ashirin yana waige-waige kafin ya tale ƙafafu ya sunkuya. Wajen sha ɗaya da rabi karkanda ta zo da ɗanta, tana huci. A nan na gane abin da ya kamata in gina dukan shirin a kai tun a Kano: a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, ba kai ke neman dabba ba, ƙishirwa ce ke kawo maka ita. Shi ya sa ake zuwa da rani, lokacin da kududdufai suka ƙafe. Washegari mashaya ɗaya muka zaɓa, muka kashe mota, muka fito da dabino da shayi a fulas. Awa uku muka yi. A cikin ta uku zakanya biyu suka tashi daga ƙarƙashin wata bishiyar da muke kallo tun zuwanmu ba mu gan su ba.

Saura batun nama. A gidajen abinci naman daji ne da na alade suka fi yawa, ga wani busasshen nama nasu mai kama da kilishi, amma ba ka san wanda ya yanka ba. Don haka tun a Windhoek, inda akwai masallatai da 'yan uwa Musulmi, muka sayi naman rago na halal muka cika firji. A darenmu na ƙarshe wani dattijo da ya kafa tanti kusa da mu ya ga ina jera naman, ya ce mini gobe ba za a bar ni in fita da shi ɗanye ba. Akwai wani shingen kiwon lafiyar dabbobi da ya raba arewacin ƙasar da kudancinta, wanda asalinsa ya faro tun annobar cutar shanu ta bushiya a 1897, yanzu kuma yana tsare shanun kudu daga ciwon baki da kofato, saboda naman da suke fitarwa Turai. Ka shiga da ɗanyen nama arewa ba laifi, amma ba ka dawowa da shi. Dafaffe kuwa ya wuce.

Maiɗakina ba ta ce komai ba, ta naɗe hannun riga ta ce a kunna gas. Har ƙarfe ɗaya na dare muna suya kamar ranar Babbar Salla, ƙanena yana yanka, ni ina tsaye da cokali ina korar diloli da ƙamshi ya tara. Yajin da ta ɓoye a jakarta tun daga gida ya yi rana. Dattijon da matarsa suka ci har suna hawaye suna ƙara miƙo faranti. Da safe a ƙofar fita jami'a ta buɗe firjin, ta ga soyayyen nama cike da roba, ta rufe ta ɗaga mana hannu.

Da muka dawo na kai wa Hajiya wayar ta ga bidiyon karkanda. Ta sa gilashinta, ta kalla sau biyu, ta tambayi ko awa nawa muka zauna kafin ta fito. Na ce kusan huɗu. Ta dubi maiɗakina ta ce, "Wannan ɗin? Shi ne ya zauna awa huɗu wuri ɗaya?"