Abin da Lissafin Filin Jirgi Ya Koya Mini

Lokacin da na fara aiki cikin masu tsara faɗaɗa filayen jiragen sama, na ɗauka cewa ƙarfin fili yana ga tsawon titin da jirgi ke tashi a kansa. Da wannan tunanin na zauna na raba yawan fasinjojin shekara a kan kwanakinta, na rubuta cewa fili irin namu na Sakkwato, wato na Sultan Abubakar na Uku, yana da sarari har da ragowa. Wani dattijon injiniya da nake ƙarƙashinsa ya karanta, ya maido mini da takardar, ya ce, "Malam, ka je ka tsaya can ranar da aka fara jigilar maniyyata, sannan ka sake lissafin."

Na je, kuma na ga abin da yake nufi. Filin da ke wuni da jirage ƙalilan na Abuja da Legas, ranar nan babban jirgi ɗaya ya zo kwasar ɗaruruwan alhazai, kowanne da jakunkunansa da 'yan rakiyarsa, kuma a shekarun baya har da maniyyatan Zamfara ta nan suke tashi. Titin mai tsawon mita 3,000 bai gaza ba. Matsin ya bayyana ne a ɗakin jira, da wurin awon kaya, da farfajiyar ajiye jirage, inda babban jirgi guda ke cinye gurbin ƙanana da dama. Tun daga ranar na daina auna fili da matsakaicin shekara, na koma auna shi da sa'ar da ta fi cunkoso da kuma ƙofar da ta fi ƙunci.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, iska takan yi sako-sako, don haka jirgin da ya cika da kaya yana buƙatar doguwar tafiya kafin ya ɗaga, ko kuma a rage masa nauyi. Da hunturu kuwa hazo kan rufe gani har a soke sauka.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne na ƙasa. Gini ana iya ƙara shi duk shekarar da kuɗi suka samu, na'urori ana iya sayo su, amma filin da aka yanka fegi-fegi aka gina gidaje a kai ba ya dawowa sai da diyya mai nauyi da ɓacin ran talakawan da za a tasa. Kano ta ga haka, domin gari ya kewaye filin Malam Aminu Kano, kuma jirgin da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa a watan Mayun 2002, cikin gidajen unguwar Gwammaja ya faɗa. Namu filin yana kudu da gari, sai dai Sakkwato na miƙewa ta wannan ɓangaren, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Shi ya sa a yau, duk taswirar faɗaɗawa da ta zo teburina, kafin in dubi zanen ginin fasinja nakan fara tambayar inda shinge ya tsaya, da wanda ke riƙe da takardun gonakin da ke bayansa.