Dala ashirin kowane shafi

Ɗiyata Hadiza tana aji huɗu a lakwal, nan Tawa. Da can, da an gama sallar isha'i sai ta jawo tabarma kusa da kakarta, ta buɗe littafi tana karanta mata, yatsa bisa layi, tana fassara Faransancin da Hausa har tsohuwa ta yi ta gyaɗa kai. Ba wanda ya sa ta.

Don murna na ce mata kowane shafi dala ashirin. Sati biyu abin ya yi armashi. Ranar da ban da canji, ta rufe littafin ta ce, "Baba, yau ba biya?" Wallahi raina ya sosu.

Daga baya na karanta cewa a 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Deci, ya gwada haka da ɗalibai. Waɗanda aka biya don warware wasan ƙwaƙwalwa, da aka janye kuɗin sai sha'awarsu ta ragu. Ladan waje yakan danne son da ke cikin zuciya.

Na daina biya. Jiya na zauna bakin tabarmar na ce, "Hadiza, ina aka kwana da labarin nan?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ɗauko littafin.