Neman Filin Taron Makaɗa: Daga Fadamar Kware zuwa Faƙon Boɗinga

Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba, ƙarshen watan Nuwamba, hazo ya fara sauka. Mu huɗu ne a mota: ni, da mai awon ƙasa, da mai haɗa lasifika, da direba. Masu shirya wani taron makaɗan gargajiya na kwana biyu ne suka ɗora mana neman fili a wajen gari, wanda zai ɗauki mutum dubu goma a watan Janairu. An ba mu wuri biyu mu duba. A bayan mota akwai igiyar awo ta mita 100, da turaku, da guduma, da rodi mai tsini tsawon mita ɗaya da rabi, da jarkar ruwa, da bokitin ƙarfe da aka cire wa gindi.

Hanyar Illela muka fara bi. Da an tsallake gulbin Rima ido zai cika da kore, ga fangalolin albasa jere, ga injinan ban ruwa suna ta ƙugi tun da sassafe. Filin da aka nuna mana kusa da Kware shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ruwa na kusa, titi na kusa. Duk wanda ya gan shi daga cikin mota zai ce an gama magana.

Rodi ne ya fara ƙaryata ido. Mai awo ya dafa shi da hannu biyu, ya nutse fiye da rabi babu ko bugun guduma. Laka ce: sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa ɗanya. Tankar ruwa mai lita 10,000 tana ɗauke da tan goma na ruwa kawai, ban da nauyin motar kanta, kuma irin wannan ƙasa ba ta yi mata gargaɗi, ɓawon sama ke fashewa taya ta zauna. Muka sa aka haƙa rami, kafin a kai mita ɗaya da rabi ƙasa ta fara tsattsafo. Nan maganar masai ta mutu, domin ƙa'idar masu aikin tsafta ita ce gindin rami ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa, ya kuma nisanci rijiya da mita 30. A fadama kuwa kowane lungu akwai rijiyar burtsatse ta mai lambu. Sannan Janairu shi ne tsakiyar kakar ɗan fadama. Ko nawa aka ba shi haya, ba a biya shi albasar da ƙafa dubu ashirin za su tattake a gonar maƙwabcinsa ba. Ba mu yi awa biyu a wurin ba.

Muka komo cikin gari, muka ɗauki hanyar Jega, muka wuce filin jirgin sama. Nan ƙasa ta canja: tudu, jan marmara, gawo tsilli-tsilli a cikin gonaki, raƙuma ɗauke da dammunan dawa a gefen titi. Mun ɗan tsaya a Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, muka karya kumallo da ƙosai da kunu. Kusa da Boɗinga muka saki kwalta muka bi wata hanyar marmara, kimanin kilomita huɗu.

Ba a fara taka gonar mutane da igiyar awo. Gidan hakimi muka nufa, wanda tuni uban ƙasa ya aiko masa da labarin zuwanmu. Bayan gaisuwa ya sa aka kira sarkin noma, dattijo mai farin gemu da kaushin hannu, ya ce shi zai kai mu.

"Ranka shi daɗe," in ji sarkin noma, "hilin ga da suka so, gonakin mutum goma sha ɗaya na. In ba su san haka ba, su sani tun yanzu."

Wannan magana ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Mai shirya taro fili ɗaya yake gani, manomi kuwa iyakoki yake gani: layin gamba nan, tushen aduwa can, wani dutse da kakan wani ya aza. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kawo gireda ta share wuri tas a yini ɗaya. Tana kankare ƙasar sama, wadda ita ce ke riƙe da ɗan takin shekaru, ta tura ta gefe, sannan ta tafi da gamba da duwatsu. Taro ya watse, damina ta zo, 'yan'uwa su kwana a gaban alƙali a kan taki biyar na ƙasa. Abin da ya kamata shi ne a kafa turakun ƙarfe a kowace kusurwa, a binne su su shafe da ƙasa, a gaban masu gonakin da wakilin hakimi, a rubuta tsawo da faɗin gonar kowa, kowa ya riƙe takardarsa. Kunyoyi kuma da hannu za a baje su, da galma da manjagara, a ɗauki samarin garin aikin. Tushiyar dawa dole a tumɓuke ta ɗaya bayan ɗaya, domin idan ta bushe tsininta yana huda takalmin roba, balle ƙafar yaro a cikin duhu. Ƙarangiya a share a ƙone tun da wuri.

Filin ya ba mu mita 300 a tsawo, 200 a faɗi, wato hekta shida. Kashi ɗaya cikin uku, ta yamma, faƙo ne da ba ya ba da amfanin kirki. Rodi bai shiga taki ɗaya ba sai da guduma. Muka kafa bokiti marar gindi muka cika shi da ruwa: a jigawar gabas ya shanye nan da nan, a faƙon ya tsaya yana kallonmu. Ma'anarsa a sarari take. Motoci da tankoki da manyan janareto su zauna a faƙo, mutane da tabarminsu su zauna a jigawa. In aka juya, babbar mota za ta kafe a rairayi, inda ta bi kuma ƙasa ta danne ta yi tauri, garmar shanu ta riƙa tsalle a kai, ruwan sama ya gudu bai shiga ba.

Lissafin wuri ba shi da wuya. Mutanenmu zaune suke kallon kiɗa, don haka a ba kowa murabba'in mita ɗaya: hekta ɗaya ke nan, a ƙara rabi saboda hanyoyin wucewa da shingen da zai raba sashen mata da na maza. Mota ɗaya da wurin juyawarta na cin kimanin murabba'in mita 25, hekta ɗaya za ta ɗauki 400. Babura su ne masu yawa, a ware musu rabin hekta da ƙofarsu daban. Sauran ya tafi ga masu abinci, da wurin salla, da masai, da rumfar masu jinya.

Mai lasifika ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ƙura ta yi kudu maso yamma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ita ce ta zana mana taswirar wurin. Dandamali ya ba iska baya, ta ɗauki sauti ta kai wa jama'a. Wurin motoci da masai su koma ƙarshen da iska ke fita, ƙura da wari su tafi daji. Sa'ar da aka yi, garin yana arewa da filin, sautin ba zai faɗa kan gidaje da masallaci ba. Amma ƙyallen da ake ratayawa a bayan dandamali tarkon iska ne. Ko a yi shi da raga, ko a huda shi, a kuma ɗaure ƙarafan da igiyar waya a turakun da suka shiga ƙasa sosai.

Ya daɗe yana bayani a kan kiɗan kansa, kuma ya cancanci a saurare shi. Kotso da taushi kiɗan fada ne, an yi su don zaure da ƙofar gidan sarki, a fili buɗaɗɗe iska ke cinye su. Gangar noma kuwa ko babu na'ura tana kai wa gari na gaba. Idan aka ba su makirufo iri ɗaya, ganga ta binne kowa, waƙa ta ɓace, alhali don jin baiti aka zo. Makaɗin kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai a maƙala masa ƙaramin makirufo a jikin kalangun. Uban waƙa nasa daban, 'yan amshi kowane mutum biyu da ɗaya. Tara lasifika a gaban dandamali a ƙure murya ba ya magani: duk sanda nisa ya ninka, ƙarfin sauti na raguwa da desibel shida (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), na gaba su kurmance na baya ba su ji ba. Sai a kafa wasu lasifikan a mita 60. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka dole a jinkirta na bayan da kusan kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, in ba haka ba kowane bugu sau biyu za a ji shi, 'yan rawa su rasa ƙafa. Dandamalin kar ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, da matakala biyu, ta hawa da ta sauka, saboda masu yi wa makaɗa kari ba za su hanu ba.

Janareto biyu ake so masu ƙarfin kVA 100, ɗaya na aiki ɗaya na jira, a gefe, nesa da dandamali da kamar mita 50. Kowane yana shan gas wajen lita 17 a awa in an ɗora masa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Ƙura ke toshe matatar iskarsa, a zo da ta canji. Sandar da ake kafawa don wuta ta bi ƙasa ba ta aiki a busasshen rairayi; a zurfafa ta, a zuba gawayi da gishiri, a riƙa jiƙa wurin safe da yamma, don kar makirufo ya ja mawaƙi a leɓe.

Da azahar muka zauna a inuwar gawo, wanda ke cike da ganye a wannan lokaci, muka shiga maganar ruwa. Sha lita uku, alwala da tsarki da wanke kwanon masu abinci su kai shi goma ga kowane mutum: lita 100,000 a yini, tanka goma. Rijiyar garin ba ta cikin lissafi ko kaɗan, ta mata da dabbobi ce. Wani zai ce a bar wa masu ruwan leda. Leda shida ga mutum, dubu sittin ke nan a yini, dubu ɗari da ashirin a kwana biyu, kuma iska za ta raba su gonaki. Sarkin noma ya nuna wata jar akuya da ke kiwo kusa da mu ya ce bara ya yanka irinta da ta rame, aka ciro dunƙulen leda daga tumbinta kamar kan jariri. Tankunan roba da famfo a jere, da kofuna, sun fi sauƙin kuɗi in aka haɗa da ladan masu tsinta. Masai ɗari, fiye da rabi a sashen mata, kar su fuskanci alƙibla, a zuba toka a cike su bayan taro. Wurin salla a gefen gabas, a kuma tsayar da kiɗa da an kira. A duba kalanda tun yanzu kada ranakun su kusanci azumi.

"Malam, shanu fa?" in ji sarkin noma. Ashe burtali ya bi ta kudancin filin, kuma a Janairu ne makiyaya ke zama a gonakin nan, shanu su ci kara su bar taki. Manomin da aka hana wa wannan ya yi asarar takin shekara. Ke nan kuɗin haya kaɗai bai isa ba: a lissafa kara da harawa, a kawo takin gida a amalanke bayan taro, burtali kuma a bar shi a buɗe, a gana da arɗo tun kafin a kafa shinge. A Ingila, bikin waƙe-waƙe na Glastonbury da ake yi a gonar shanun madara tun 1970 yakan tsallake shekara guda kusan duk bayan biyar don ƙasa ta huta. Ƙasarsu mai ciyawa da ruwa ke nan, ina ga jigawarmu.

Abin da ya rage, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, hanya ce. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya tana fitar da mutum 70 zuwa 80 a minti. Ƙofofi huɗu masu mita huɗu-huɗu, a kusurwa daban-daban, za su kwashe filin cikin minti goma. Amma duk su zuba a hanyar marmara guda ɗaya mai kilomita huɗu, wadda mota biyu ke gogar juna a kanta. A bikin waƙe-waƙe na Woodstock a Amurka a 1969, hanyoyin karkara sun cushe har sai da jirgi mai saukar ungulu aka riƙa kai mawaƙa. Mu ba mu da wannan, kuma halin tsaron da ake ciki bai bar wa kowa sha'awar tafiyar dare ba. Shawarar da muka rubuta ita ce a fara da hantsi a tashi kafin magariba, a nemi izinin 'yan sanda da ƙaramar hukuma a rubuce, a gyara wata tsohuwar hanyar amalanke da ke ɓullawa titi ta kudu ta zama ta fita da ta motar asibiti.

Ita muka bi a komowa, sarkin noma na gaba a kan babur. A tsakiyarta akwai wani kwalbati da ruwan bara ya cinye wa gefe, direba ya sauka ya leƙa ƙarƙashinsa ya girgiza kai. Mai awo ya kafa turke ya ɗaura jan ƙyalle. Sai an cike shi da dutse da marmara tifa uku, sannan a kawo tanka cike da ruwa ta taka shi a gabanmu, ranar da za mu dawo kafa turakun iyaka da masu gona goma sha ɗaya.